Dukiyar Jama'a Ba Sirrin Gida Ba Ce: Kira Ga Gwandu Da Kalgo

 

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukuncin cewa kason ƙananan hukumomi 774 na asusun tarayya haƙƙinsu ne, a riƙa zuba musu shi kai tsaye, kada gwamnoni su riƙe. Jama'a sun yi murna, ko da yake aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa. Wata tara bayan nan, a Afrilun 2025, kotun ta sake yanke wani hukunci da bai samu irin wannan yayatawa ba, alhali a ganinmu ya fi na farko kusa da rayuwar talaka. Ta ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi da ƙananan hukumomi kamar yadda ta hau kan gwamnatin tarayya. Ma'anar wannan ita ce manomin Dalijan, da malamar makarantar Diggi, da ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke ƙasar Kalgo, kowannensu yana da damar ya tambayi ƙaramar hukumarsa nawa ya shigo mata da inda ta kai shi, kuma doka ta wajabta a ba shi amsa.

Hukuncin farko ya yi magana a kan hannun da kuɗi za su shiga. Na biyu ya yi magana a kan idon da zai duba hannun. Idan aka samu na farko babu na biyu, abin da aka yi kawai shi ne an matsar da duhu daga babban birnin jiha zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma.

Wani zai ce me ya haɗa shafin addini da kasafin kuɗi da manhajojin waya? Wanda ya yi wannan tambaya ya manta da abin da ke cikin littattafan da ke kan kantarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da neman marubuci adali, da kafa shaidu, da hana ƙosawa da rubuta shi ko ƙarami ne ko babba. Wannan fa tsakanin mutum biyu ne da suka yarda da juna. To ina ga dukiyar da masu haƙƙi a cikinta dubban ɗaruruwa ne, mafi yawansu ba su taɓa ganin fuskar mai riƙe da ita ba, cikinsu har da marayu da jarirai da marasa lafiya? Idan Shari'a ba ta bar bashin buhun gero ga kyakkyawan zato kaɗai ba, babu yadda za a yi ta bar baitulmali ga kyakkyawan zato.

Bukhari da Muslim sun rawaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura karɓar zakka. Da ya dawo aka zauna aka yi masa lissafi, sai ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Masu wa'azi sun saba tsayawa a kan haramcin kyautar ma'aikaci, kuma daidai ne. Amma akwai abubuwa biyu a hadisin da ba a cika tsayawa a kansu ba. Na farko, sahabi ne, amma sahabantakarsa ba ta hana a yi masa lissafi ba. Na biyu, Annabi bai bar maganar a ɗaki ba. Mimbari ya hau ya bayyana hukuncin a gaban jama'a, saboda dukiyar tasu ce, ya kamata su san ƙa'idar da ake riƙe ta da ita.

Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, shi ya mayar da wannan tsari na hukuma. Da dukiya ta yawaita bayan buɗe Iraƙi da Sham, ya kafa diwani, a shekara ta 20 bayan hijira bisa mafi shaharar riwaya, ya sa Aƙilu ɗan Abu Ɗalib da Makhrama ɗan Naufal da Jubairu ɗan Muɗ'im, waɗanda suka san nasabar mutane, su rubuta sunaye da kason kowa. Dabarar diwani a wajen Farisawa da Rumawa aka san ta, kuma hakan bai hana shi ɗauka ba, domin ta yi wa adalci hidima. Wanda ke ƙyamar kwamfuta da intanet wajen tsare dukiyar jama'a don daga Turawa suka zo, sai ya fara sasanta kansa da wannan tarihi. An kuma rawaito cewa Umar yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, idan ta ƙaru fiye da ƙima ya raba ta biyu ya mayar da rabi baitulmali, kuma Muhammadu ɗan Maslama ne manzonsa mai bin sawun gwamnoni. Akwai labarin nan da ya shahara a bakin masu wa'azi na tufafin da aka tambayi Umar a kansa yana kan mimbari. Malaman hadisi suna da magana a kan isnadinsa, don haka ba mu gina komai a kansa ba. Abin da ya inganta ya ishe mu.

Mutanen Gwandu kuwa ba sa buƙatar a kai su Madina ko Bagadaza kafin su ji wannan magana, a ƙofar gidansu take kwance. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin Gwandu, a tsakiyar jihadi ya ga wasu daga cikin jama'a sun fara karkata ga mulki da tara abin duniya, abin ya dame shi har ya bar rundunar da nufin tafiya Makka. A Kano mutane suka tsayar da shi suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake mulki bisa Shari'a, ya rubuta Diya'ul Hukkam wajajen 1807, sannan ya komo. Yayansa, Shehu Usmanu, a Kitabul Farƙi ya lissafa haraji da karɓe-karɓen sarakunan Hausa na zamaninsa da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa, domin talaka ya gane abin da ake magana a kai. Kafin su da ƙarni uku, Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wasiƙa, ya ware babi a kan inda ya halatta a samo dukiyar hukuma, da babi a kan inda ya halatta a kashe ta, ya ce sarki ya ajiye marubuta da masu lissafi, ya kuma yi ta maimaita gargaɗi a kan sarki ya shamakance daga talakawansa. Shamaki a wancan zamani zaure ne da dogarai. A namu zamanin fayil ne da aka kulle a durowa, da jami'in da kullum ake cewa ya fita, da amsar nan ta “sai an samu izini daga sama”.

To yau me ke buɗe, me ke rufe?

Gaskiya ita ce an buɗe abubuwa da yawa fiye da yadda mutane suka sani. Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, FAAC, yana zama ya raba abin da ya shigo. A ƙa'idar rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Ofishin Akanta Janar na tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa jadawalin rabon a intanet, jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma. Sunan Gwandu yana ciki, sunan Kalgo yana ciki, tare da sauran ƙananan hukumomi 19 na Kebbi, kowacce da adadinta har zuwa kwabo. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 adadin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira, ko da yake tsadar kaya ta cinye wani ɓangare na ƙarin. Wanda ya sayi mai da tsada, ya biya kuɗin mota ninki, shi ya biya wannan ƙari daga aljihunsa, don haka shi ya fi kowa cancantar sanin inda ya tafi.

Nijeriya ta shiga ƙawancen ƙasashe masu alƙawarin buɗe harkokin gwamnati a 2016. A Disambar 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta buɗe shafin baitulmalin tarayya, inda aka umarci ma'aikatu su riƙa bayyana duk biyan da ya haura naira miliyan 5: wa aka biya, nawa, don me. Daga 2018 kuma wani shirin Bankin Duniya mai suna SFTAS ya riƙa ba jihohi tukuicin kuɗi idan suka wallafa kasafinsu a kan lokaci, da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk wata uku, da rahoton mai binciken kuɗi. Da wannan ƙaimi jihohi, har da Kebbi, suka fara ɗora takardun kasafinsu a shafukansu. Mun yaba, domin shekara ashirin da suka wuce sai mai uwa a gindin murhu ke ganin kundin kasafin jiha. Amma akwai abin kunya a ciki da ya kamata a faɗa: abin da malamanmu suka rubuta shekara ɗari biyu da suka wuce a matsayin wajibin addini, sai da baƙo ya zo da lada a hannu muka fara yin sa. Abin da aka yi don tukuici kuwa ana jin tsoron ya tsaya ranar da tukuicin ya ƙare.

Inda hasken yake yankewa shi ne daidai inda talaka yake tsaye. Ana iya sanin abin da Abuja ta rubuta da sunan Gwandu ko Kalgo a wata kaza. Amma nawa ya isa asusun ƙaramar hukumar, nawa aka cire na albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da fansho da kason masarauta, nawa ya rage, kuma ragowar wace rijiya ta gina a Kambaza, wane aji ta rufe a Malisa, wane kwalbati ta gyara a Zuguru ko Dangoma, wannan lissafi mazaunin ƙauye ba ya ganinsa a wayarsa, ba ya ganinsa a bangon sakatariya, ba ya jin sa a rediyo. Ba mu ce an ci ba. Cewa muka yi ba a nuna ba. Kuma rashin nunawa zalunci biyu yake haifarwa: yana ba maha'inci mafaka, yana kuma jawo wa mai amana zargin da bai ji ba bai gani ba. Shugaban ƙaramar hukumar da ya san hannunsa tsarkakakke ne shi ya fi kowa asara a cikin duhu, don a majalisar mai shayi an riga an yanke masa hukunci tare da ɓarayi.

Ko buɗe lissafi yana canja wani abu kuwa, ko dai sha'awar 'yan boko ce kawai? A ƙasar Yuganda an yi bincike aka gano cewa tsakanin 1991 da 1995, daga kuɗin gudanarwa da gwamnati ke aika wa makarantun firamare, kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kacal ke isa makarantun. Sauran yana narkewa a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80. An yi wasu gyare-gyaren a daidai lokacin, saboda haka ba za a jingina nasarar duka ga jarida ba, amma masu binciken sun lura makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi samun ƙari. Kayan aikinsu duka jarida ce da takarda da ƙusa, sai iyayen da suka san adadin da ya kamata ya zo.

Misali na biyu a maƙwabta ya faru. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara. An share wasu ƙauyukan, aka bar Bagega ta ƙasar Anka tana jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alƙawari, likitoci kuma ba za su iya fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don yaron da aka yi wa magani ya koma cikin guba aikin banza ne. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa yunƙurin Follow The Money a 2012, suka bi sawun alƙawarin, suka yi ta kururuwa a kafafen sada zumunta tare da wasu ƙungiyoyi, har aka saki kuɗin a farkon 2013, aka share garin, aka fara yi wa yara magani. Abin da suka riƙe a hannu adadi ne da kwanan wata da sunan ofishin da kuɗin suka maƙale. Haka kuma ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, ta fito da Tracka a 2014 domin mutane su ga ayyukan mazaɓu da aka rubuta da sunan garinsu a kasafin tarayya, su je su duba ko akwai su a ƙasa. Jihar Kaduna ma ta yi tata manhajar a zamanin Nasir El-Rufa'i, inda mutum zai ɗauki hoton aikin gwamnati ya aika da rahoto. Gani ya kori ji.

Sai dai kada a ruɗe mu da kalmar “an wallafa”. Kundin kasafi mai shafi ɗaruruwa, da Turanci, cike da lambobin sirri na akantoci, wanda sai an ƙona data mai yawa kafin ya sauka a waya, ga mutumin Dodoru daidai yake da wanda aka kulle a akwati. A fiƙihu bayani ba ya cika sai ya isa ga wanda ake yi wa shi ta harshen da yake ji. Haka aka aiko kowane manzo da harshen mutanensa. Mutanen Gwandu da Kalgo Hausa suke ji, da Fulatanci, dattawa da yawa kuma ajami suke karantawa tiryan-tiryan ko da ba su san boko ba. Ga matsalar wuta da ta sabis. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda tsaro, aka ɗauki makonni. Duk hidimar da aka rataya a wuyan waya kaɗai, a irin wannan rana ta mutu. Saboda haka muna son waya, amma muna son ta tare da bango da rediyo da bakin mai unguwa.

Akwai kuma wani sabon shamaki da na'ura ta kawo, ɗalibai sun fi kowa saninsa. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN. Bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a Mayun 2024 ta intanet ake nemansa. Wannan ya rage roƙo da neman hanya, kuma alheri ne. Amma harafi ɗaya da ya saɓa tsakanin sunan da ke katin ɗan ƙasa da na banki da na takardar makaranta, Muhammad a nan Mohammed a can, ko ranar haihuwar da wani magatakarda ya ƙirƙira da ka, yana iya jawo wa yaro asarar shekara. Daga nan sai a faɗa hannun 'yan tsakiya masu shagon kwamfuta, wasu na kirki, wasu kuwa su karɓi kuɗi a kan abin da hukuma ta ce kyauta ne, su kuma riƙe lambobin sirrin mutane. Manoman Kebbi sun ga irin wannan tun zamanin rabon taki ta saƙon waya da aka fara a 2012, da shirin bashin manoman shinkafa da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015: wanda sunansa ya shiga rajista ya samu, wanda bai shiga ba ko gonarsa ta kai ina babu shi. Rajista ta zama ƙofar arziki, don haka mai riƙe da alƙalamin rajista ya zama mai riƙe da amana irin ta Aƙilu da Makhrama. Wanda ya cusa sunan da babu mai shi, ko ya cire na mai haƙƙi ya sa na ɗan'uwansa, ya ci haram ko da kwamfuta ce ta buga takardar.

Yanzu sai mu zo ga shubuhar da ake kawowa da sunan addini, don ita ce ta fi hana mutanen kirki buɗe baki. Ana cewa Musulunci ya yi umarni da suturta Musulmi, ya hana bin diddigi, kuma shugaba a asirce ake yi masa nasiha. Duk gaskiya ne, amma an ɗora su a inda ba wurinsu ba. Sutura tana kan laifin mutum tsakaninsa da Ubangijinsa. Bin diddigin da Suratul Hujurati ta hana shi ne leƙen abin da mutum yake da haƙƙin ɓoyewa, kamar cikin gidansa da sirrin iyalinsa. Kuɗin ƙaramar hukuma kuwa ba na shugabanta ba ne balle ya ɓoye. Wakili ne, kuma babu mazhabar da ta ce mai dukiya ya yi laifi don ya tambayi wakilinsa lissafi. Wanda ya rubuta takarda cikin ladabi yana tambayar nawa aka ware wa asibitin garinsu bai fita daga ɗa'a ba, bai zagi kowa ba, bai tayar da fitina ba. Fitina a cikin jita-jita take ƙyanƙyashewa, jita-jita kuma a inda babu bayani take yin ƙwai.

Amma surar da ta hana bin diddigi ita ce kuma ta yi umarni da tantance labari kafin a yi aiki da shi, kuma wannan kan matasanmu ya fi hawa. Hoton takarda da ke yawo a WhatsApp ba hujja ba ne sai an san tushensa. Adadin da aka rubuta a kasafi niyya ce, ba lallai an saki kuɗin ba. Akwai abin da aka ware, akwai abin da aka saki, akwai abin da aka kashe, uku ne daban-daban. Wanda ya ga miliyoyi a kasafi da sunan makarantar garinsu, bai bincika ko an saki kuɗin ba ya hau Facebook ya kira mutum ɓarawo da sunansa, ya yi ƙazafi, kuma zai amsa a gaban Allah ko da daga baya ta bayyana akwai ɓarna a wani wurin. Ƙari a kan haka ya ɓata wa masu tambaya ta gaskiya hanya, don ya ba jami'i hujjar cewa duk 'yan adawa ne.

Akwai kuma abin da bai kamata a buɗe ba. Alƙur'ani ya fifita sadakar da aka ba matalauci a ɓoye, don tsare mutuncinsa. Sunan bazawarar da ta karɓi tallafi, da cutar da ta kai mutum asibitin Kalgo, da lambar wayar yarinyar da aka ba tallafin karatu, ba kayan liƙawa a intanet ba ne, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta zo daidai da wannan. Mun san akwai tsaka mai wuya a nan, domin jerin sunayen da aka ɓoye shi ne inda sunayen bogi ke kwana. Mafita a ganinmu ita ce a bayyana wa kowa adadin kuɗi da yawan mutane da mazaɓa da sharuɗɗan zaɓe, sunaye kuwa a ba amintattun unguwa, liman da mai unguwa da wakiliyar mata, su tantance. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sunan ɗan kwangila da kuɗin kwangila kuwa babu sutura a kansu, don wanda ya karɓi aikin jama'a ya yarda jama'a su san shi.

Abin da muke nema daga shugabannin ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo bai kai kuɗin taya ɗaya ta motar ofis ba. Takarda guda duk wata, da Hausa, boko da ajami: ga abin da ya shigo daga tarayya, ga harajin kasuwa da tasha, ga albashi, ga ayyuka da wurarensu da masu yin su da ranar gamawa. A liƙa a sakatariya da ƙofar hakimi da kasuwa, a ɗauki hotonta a tura a waya, a karanta a rediyo. Haka kowace cibiyar lafiya da ke karɓar kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ta rubuta a allo abin da ya shigo mata da abin da ta saya. Gwamna Nasir Idris sarautar Ƙauran Gwandu yake riƙe da ita, kuma tsohon malamin makaranta ne da ya san zafin jiran haƙƙi. Wanda ya gada, Atiku Bagudu, shi aka ba ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ta tarayya a 2023. Jihar da ke da waɗannan biyu ba ta da uzurin zama a baya a wannan fage, kuma umarni ɗaya daga gidan gwamnati ya isa ya sa ƙananan hukumomi 21 su fara.

Masallatai da makarantun Islamiyya da kwamitocin zakka su ma wannan magana ta hau kansu, kuma su ya kamata su riga kowa. Kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a, da na gini, da na marayu a watan azumi, amana ce irin waccan. Kwamitin da ke karanta lissafinsa ga masallata duk wata, ya liƙa shi kusa da jadawalin lokutan salla, limaminsa zai iya tambayar shugaban ƙaramar hukuma lissafi da baki mai nauyi.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na jami'ar da ke Kalgo da ta Aliero da ɗaliban ilimi na zaure, ga yadda dokar take. Takarda ce za ka rubuta zuwa ga ofishin da ke riƙe da bayanin, ka faɗi abin da kake nema a fayyace: aiki kaza, a gari kaza, a shekara kaza, nawa aka ware, nawa aka saki, wa aka ba. Doka ba ta ce sai ka faɗi dalilinka ba. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya ka riƙe. Suna da kwana 7 su amsa, ana iya ƙara musu wasu 7 idan bayanin yana da yawa. Idan sun ƙi, wajibi ne su rubuta dalili, kai kuma kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu, kuma hana bayani ba bisa ƙa'ida ba laifi ne mai tarar naira 500,000. Wanda bai iya rubutu ba, doka ta yarda wani ya rubuta a madadinsa, ko ya faɗa da baki jami'in ya rubuta ya ba shi kwafi. Ku fara da abu ɗaya da idonku ke gani, kamar famfon unguwa da ya mutu ko ajin da iska ta yaye wa rufi tun bara, ku je ku biyu ko uku tare da dattijo guda, ku yi sallama, ku miƙa takardar, ku rubuta ranar da kwana bakwai za su cika.